Idan mota ta buge yaro a titin Legas: yadda ake karanta hatsarin kafin a isa asibiti

Yaron da mota ta buge yakan miƙe da ƙafarsa, yana kuka, da 'yar ƙujewa a goshi, alhali saifarsa ta fashe tana tsiyayar da jini a cikin ciki. Jikin yaro yana ɓoye rauni fiye da na babba. Shi ya sa ma'aikacin motar asibiti, ko ɗan agajin da ya fara isa wurin, ba zai dogara da abin da ido ya gani a fata kaɗai ba. Sai ya san wace irin mota ce, da wane gudu take, ina ta sami yaron, ina ya faɗi, kuma taya ta hau shi ko ba ta hau ba. Wannan bayani yana nan a gaban motar da kan kwalta da bakin waɗanda suka gani, amma ba ya daɗewa. A Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba, kafin minti biyar an janye motar don buɗe hanya, direba ya gudu saboda tsoron taron jama'a, wani kuma ya riga ya sungumi yaron.

Kafin komai, kare wurin. A titin Ikorodu manyan bas-bas na BRT suna da layinsu daban, ga masu bin hanyar da ba tasu ba, don haka mota na iya fito maka ta inda ba ka zata ba. Ka tare hanya da motarka, ka sa mutum biyu su tsayar da ababen hawa ta kowane ɓangare. Idan ba a kira agaji ba a kira 767 ko 112, a babban titi kuma ana samun jami'an kiyaye haɗura ta 122. In ku biyu ne, ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan yaron, ɗayan ya zagaya motar na daƙiƙa talatin. In kai kaɗai ne, jinin da ke kwarara da numfashi su ne farko. Tambayoyin ka yi su hannunka na aiki.

Tsayin yaro da tsayin gaban mota

Mafi yawan karatun yana nan. Bambar ƙaramar mota tana wajen santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa, bakin bonet kuma wajen 70 zuwa 80. Babban mutum, bamba a ƙwauri ko gwiwa take samunsa, ƙasa da inda nauyin jikinsa ya taru, sai ta kwashe ƙafafunsa ya hau bonet, kansa ya daki gilashin gaba. Ɗan shekara shida tsayinsa wajen santimita 115 ne. Bamba a cinya take samunsa, bakin bonet ya daki ƙirji ko saman ciki, sannan motar ta wurga shi gaba ya faɗi da ka, galibi ta ɓangaren da motar ba ta taɓa ba. Bugu uku ke nan cikin ƙiftawar ido. Likitoci biyu, Waddell da Drucker, sun bayyana wannan haɗi a 1971: karayar cinya, rauni a ƙirji ko ciki, da raunin kai a ɗaya gefen. Ba kowane yaro ne ke zuwa da duka ukun ba. Amfanin saninsu shi ne, da ka ga cinya ta karye a gefen hagu, hannunka ya wuce kai tsaye zuwa haƙarƙarin hagu inda saifa take, sannan ka laluba gefen dama na kai. In daman aka buga, hanta ce a ƙarƙashi.

Ɗan shekara biyu ko uku, mai tsayin santimita 85 zuwa 95, lissafinsa daban ne. Bamba tana samunsa a ƙugu ko ciki, bakin bonet a fuska ko kai, kuma ba ya hawa sama. Ƙasa yake yi, motar ta bi ta kansa ko ta ja shi. Duk ƙaramin yaron da aka tsinta a ƙarƙashin mota ko a bayanta, ka ɗauka an taka shi har sai likita ya tabbatar ba haka ba.

Akwai kuma halin yara: babba in ya hango mota yakan juya baya ko ya kauce, yaro kuwa yakan juyo ya fuskance ta, ko ya daskare a wurin. Saboda haka raunin yara ya fi yawa ta gaba, a fuska da ƙirji da ciki.

Yanzu ka sauya motar. Jif da Hilux gabansu ya kai mita ɗaya ko fiye, ɗan shekara shida a ƙirji da kai suke samunsa tun bugun farko, balle in an ɗaura wa motar ƙarfen kariya a gaba. Danfo gabanta a miƙe yake, babu bonet ɗin da jiki zai kwanta a kai, duk jikin ne ke karɓar bugun lokaci guda, a jefa yaron gaba, motar kuma ta iske shi in birki bai kama da wuri ba. Tirela da tanka da tifa, irin waɗanda suka cika hanyar Apapa, ba sai sun yi gudu ba. Direban da ke can sama ba ya ganin yaron da ke dab da gabansa, kuma idan motar ta sha kwana tayoyin baya suna yanko hanya su kwashe wanda ke tsaye a gefe. Raunin nan na matsewa ne.

Acaɓa da keke Marwa su mutane suka fi rainawa, "ai babur ne kawai". Kan babur da hannun birki daidai suke da fuskar yaro ko cikinsa. Ɗan zagayayyen tabo a saman cibiya, wanda bai fi bakin kwalba faɗi ba, yana iya zama alamar hanji ya matsu da ƙashin baya ya huje, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan sa'o'i. Ka duba ƙunar salansa a ƙafa. Keke kuwa yakan kife a kan wanda ya buge.

Kada a manta da motar da ke ja da baya a cikin gida ko gareji ko bakin kasuwa. Gudunta bai kai na mai tafiya a ƙasa ba, amma yaron da ke rarrafe ko wasa a bayanta nauyin motar gaba ɗaya ke hawa kansa. Idan ka ga fuska da wuya sun kumbura sun yi duhu, fararen idanu sun yi jajir, ga ɗige-ɗigen jini a cikin fatar ido da leɓe, ƙirji aka danne. Wannan yaro huhunsa da hantarsa abin zargi ne ko da yana magana.

Gudu, da abin da kwalta ke faɗa

Direba kusan kullum cewa zai yi a hankali yake tafiya. Kada ka yi musu da shi, kada kuma ka rubuta maganarsa a matsayin gaskiya. Ƙarfin bugu ba ya ƙaruwa daidai da gudu: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Motar da ke kilomita 60 a awa tana ɗauke da ninki huɗu na ƙarfin mai kilomita 30. Ƙa'idar tantance masu rauni da aka yi amfani da ita a Amurka ta sa iyaka a wajen kilomita 32 a awa: mai tafiya a ƙasa da aka buge da gudun da ya wuce haka, ko aka wurga shi, ko aka taka shi, asibitin manyan raunuka ake kai shi.

Ka nemi silifas ɗin yaron. Sau da yawa yana nan kusa da inda aka buge shi, tare da farantin talla ko allo ko jakar makaranta da tarwatsattsen gilashin fitila. Ka ƙirga taku daga nan zuwa inda yaron ya kwanta, ka riƙe adadin. Ka dubi motar: a wane tsayi ta lotsa, fitila ta fashe, akwai gashi ko jini ko yagen riga a bonet, a ƙarƙashi, ko a taya? Ka gwada tsayin lotsewar da jikinka, sannan ka kai shi jikin yaron. Motar da ta taka birki da ƙarfi hancinta yana dukawa, sai bugun ya sauka ƙasa kaɗan da inda ka zata. Rashin shatin birki a kwalta ba hujja ba ce, motocin zamani da yawa ba sa barin shati, haka ma in an yi ruwa. Rashin lotsewa ma ba hujja ba ce. Yaro mai kilo 15 ba lallai ya lotsa ƙarfe ba, shi ne ke lotsewa.

Inda ya sauka ma yana da nasa rauni. Bakin kwata na kankare yana fasa kai da haƙarƙari. Yaron da ya faɗa cikin kwata yana iya shaƙar ruwan datti, raunukansa kuma sun gurɓata. A titi mai layi da yawa ka tambaya ko wata motar ta sake bugunsa bayan ta farko.

Wa za ka tambaya? Ba mai ihu ba. Nemi wanda ke zaune yana fuskantar titi, mai shayi, mai faci, mai shago, ko yaran da suke tare da shi, su sukan fi kowa gani. Ka ce, "Malam, gaya mini abin da ka gani," ka bar shi ya faɗa da bakinsa, in ka ce "ta taka shi ko?" zai ce e. Sannan ka bi da waɗannan: ƙarfe nawa abin ya faru, ya suma ko nan take ya yi kuka, ya yi amai ko jijjiga, ya tashi da kansa ko ɗaga shi aka yi, an ba shi wani abu ya sha. Ga uwa ko uba, "Mama, yana da sikila? Ya yi zazzaɓi kwanan nan? Yana da farfaɗiya?" Ba tambayar cika takarda ba ce. Mai sikila dama jininsa ƙasa yake, kaɗan zai zubar ya galabaita. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa yana kumbura saifa har ta leƙo ƙasan haƙarƙari, ƙaramin bugu ya ishe ta. Mai farfaɗiya kuwa wataƙila faɗuwa ya yi kafin motar ta zo. Idan labarin da aka ba ka bai yi daidai da raunin da kake gani ba, ka rubuta duka biyun yadda suke, ka sanar da likita a keɓe.

Daga labari zuwa jiki

Ka yanke rigar da almakashi ka duba, sannan ka rufe shi. A baƙar fata kwanciyar jini ba ta fitowa da wuri, sai ka haska tocila a karkace ka bi da tafin hannu kana neman kumburi, taushi, ko inda yaron ke zabura. Shatin taya a fata ko a riga babbar magana ce. Fatar cinya ko ta ƙugu da ke zamewa a ƙarƙashin hannu alama ce taya ta murza ta ta rabu da naman da ke ƙasa, jini na taruwa a tsakani.

Haƙarƙarin yaro yana lanƙwasa ya dawo ba tare da ya karye ba, bugun ya wuce ya ƙuje huhu. To kada rashin karaya ya kwantar maka da hankali. In kuwa ka ji haƙarƙari ya karye, bugun ya yi tsanani ƙwarai. Ka ƙirga numfashi minti guda cur. Ɗan shekara 2 zuwa 5 yana yin 25 zuwa 30, ɗan 5 zuwa 12 kuma 20 zuwa 25. Gurnani a ƙarshen kowane numfashi, hanci na buɗewa, ko gefe ɗaya na ƙirji ba ya tashi, duk gaggawa ne, domin iskar da ta taru a ƙirjin yaro tana ture zuciya gefe da sauri fiye da na babba.

Zancen jini shi ne inda aka fi yin kuskure. Ana ƙiyasta nauyin yaro ɗan shekara 1 zuwa 10 da haɗa shekarunsa da huɗu a ninka biyu, don haka ɗan shekara shida kilo 20 ne, ko ƙasa da haka in ramamme ne. Jininsa wajen mililita 80 ne a kowane kilo, wato lita ɗaya da rabi da 'yan kai. Ledar fiya wata uku ke nan. In ya zubar da cikin leda ɗaya ya rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na jininsa, kuma har zuwa wannan lokaci awon hawan jininsa yana iya nuna lafiya lau, saboda jijiyoyin yaro suna matsewa zuciyarsa na ƙara gudu su riƙe shi. Ranar da awon ya faɗi, an makara. Ƙasan iyakar lambar sama ta awon shi ne 70 a haɗa da ninki biyu na shekarunsa, 82 ga ɗan shekara shida, amma kada ka jira shi. Ka bi bugun zuciya: 95 zuwa 140 a minti ga ɗan 2 zuwa 5, 80 zuwa 120 ga ɗan 5 zuwa 12. Kuka da tsoro suna ɗaga shi, gaskiya ne, sai dai na tsoro yana sauka in an rarrashi yaro, na zubar jini hawa yake yi. Ka danna farce ko tafin hannu daƙiƙa biyar ka saki, jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Ka ja fatar ido ka dubi cikinta, ka taɓa ƙafafu ka ji ko sun yi sanyi. Yaron da ya yi ta tsala ihu sannan ya yi lamo yana neman ruwa ba sauƙi ya samu ba. Bugun zuciya da ya koma a hankali bayan ya yi sauri alama ce ta ƙarshe.

Karayar cinya ɗaya ita kaɗai ba kasafai take jefa yaro cikin wannan hali ba. In ka gan shi, jinin yana zuba a ciki ko ƙirji ko ƙugu. Kada ka jijjiga ƙugu don gwadawa, labarin takawa da ciwon wurin sun isa.

Kan yaro babba ne a kan siririn wuya, shi ya sa yake riga sauran jiki isa ƙasa. Ka duba ko idonsa biyu, ko sai an kira shi, ko sai an mintsine shi, ko ba ya motsi sam, ka rubuta da lokaci. Ka haska ƙwayar idanu ka ga ko girmansu ɗaya. Wanda ya suma ya farfaɗo yana hira yana iya kasancewa jini na taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, bayan awa ɗaya ko biyu ya sake sulalewa. Lakar wuyan ƙaramin yaro tana iya miƙewa ta lalace ba tare da ƙashi ya karye ba. Saboda haka in ya ce ƙafafunsa sun mutu na ɗan lokaci sannan suka dawo, ka ɗauki maganar da nauyinta.

Abin da karatun ke sauyawa a aikinka

Labarin hatsari yana ƙara zargi ne, ba ya rage shi. Yaron da alamunsa ba su da kyau mai tsanani ne ko da keke ne ya goge shi. Wanda kuma aka wurga, aka taka, aka ja, ko babbar mota ta buge, mai tsanani ne ko da yana tsaye.

Ka riƙe kai da hannu biyu a miƙe. In zai kwanta a allon ɗaukar mara lafiya kuma bai kai shekara takwas ba, ka shimfiɗa tawul mai kaurin santimita biyu zuwa uku daga kafaɗa zuwa ƙugu, don ƙeyarsa mai tudu tana tura haɓa kan ƙirji ta toshe numfashi. Abin tallafe wuya na babba ba ya yi wa yaro. Gara naɗaɗɗen tawul a gefe da gefe. Yaron da ke fisge-fisge ba a danne shi da ƙarfi, motsin wuyan ƙaruwa yake yi. Ka kawo uwarsa inda zai ga fuskarta, ka yi masa magana: "Sannu yarona, yaya sunanka? Kalli Mama, kada ka juya." Buɗe hanyar iska da turo muƙamuƙi gaba, ba da ɗage kai ba. Ka ba shi iskar oksijin. In ana zargin ƙugu, ka naɗe zane ka ɗaure a daidai tudun ƙashin saman cinyoyi, ba a kan cibiya ba, ka haɗa gwiwoyi. Ka ɗaure cinyar da ta karye, ka duba ɗumin ƙafar kafin da bayan ɗaurin.

Jama'a za su kawo ruwa su kwara masa, wani ya kawo madara ko manja. Ka hana cikin girmamawa. Jiƙaƙƙen yaro yana yin sanyi ko a zafin Legas, musamman a mota mai na'urar sanyaya iska, kuma jini mai sanyi ba ya daskarewa da kyau. Abin da ya sha kuma zai dawo ya shiga huhu, ko ya kawo cikas a tiyata.

Kada ka wuce minti goma a wurin. Layin ƙarin ruwa a hanya ake sa shi. Wanda aikinsa ya ba shi izini yana ba da mililita 10 a kowane kilo, ya sake dubawa, ba ya sakin leda gaba ɗaya. Maganin tsayar da jini na tranexamic acid kuwa miligiram 15 ne a kowane kilo, ba ya wuce giram ɗaya, kuma cikin awa uku na farko yake da amfani. Ka maimaita bugun zuciya da numfashi da farkawa duk minti biyar. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai, inda lambobin suka dosa shi ne labari.

Zaɓen asibiti a gosulon Legas yana da wuya, amma ƙaramin asibitin bakin layi da ba shi da jini ko ɗakin tiyata yana iya cinye awa biyun da yaron yake da su. In ana zargin kai ko ciki ko ƙirji, a nufi inda ake tiyatar yara da hoton ƙwaƙwalwa, kamar asibitocin koyarwa na LASUTH a Ikeja ko LUTH a Idi-Araba. Akwai kuma cibiyar haɗura ta jihar a tsohon Toll Gate ga waɗanda ke bakin hanyar Ibadan. Asibitin Igbobi ya yi suna a aikin ƙashi. Ana tsayawa a mafi kusa ne kawai in numfashi ya gagara ko jinin waje ya ƙi tsayawa. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa.

Wani uban zai ce ai ga shi ya tashi, ko kuma a kai shi wurin mai ɗori. Kada ka yi masa faɗa, ka nuna masa. "Alhaji, dubi inda motar ta lotsa, dubi tsayin yaronka. Nan ta same shi, saifa ce a wurin. Ƙafar za ta jira, cikin ba zai jira ba." In duk da haka ya ƙi, ka sa ya maimaita maka alamun da za su sa ya garzaya asibiti ko da tsakar dare ne: amai fiye da sau ɗaya, barci mai nauyi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, kumburin ciki, fitsari da jini, ɗashewar ido, ko numfashi sama-sama.

Likitan da zai karɓi yaron bai ga titin ba, idonka ne idonsa. In da hali ka ɗauki hoton gaban motar da waya. Ka miƙa bayanin a jere cikin rabin minti, shekaru, lokaci, yadda abin ya faru, raunuka, alamu, da abin da ka yi: "Namiji, shekara shida, kilo 20 a ƙiyasi. Ƙarfe huɗu da kwata. Danfo ta buge shi ta hagu, ta wurga shi taku takwas, ya sauka a bakin kwata, ba a taka shi ba. Ya suma kamar minti ɗaya, amai sau ɗaya. Cinyar hagu a karye, haƙarƙarin hagu na ciwo, kumburi a daman kai. Bugun zuciya ya tashi daga 130 zuwa 150 cikin minti goma sha biyar, numfashi 34, yana amsa kira. Oksijin, ɗaurin cinya, ruwa mililita 200. Ina zargin saifa."